Sayen tsohon kabad na littattafai a Sakkwato: abin dubawa kafin a biya

Yawancin kabad ɗin da ake bugawa yanzu ba katako ba ne. Garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka matse ya zama allo, aka lulluɓe shi da fata mai sheƙi. Ranar da aka kawo shi gwanin kyau. Ka jera masa mujalladan tafsiri da na fiƙihu, ba a jima ba kantar ta lotsa a tsakiya. Ruwa ya taɓa ƙafarsa ya kumbura, sukurun ƙofa su saki, kuma ramin da ya saki ba ya ƙara riƙe wani. Shi ya sa duk mai littattafan da ya nemi shawarata nake ce masa ya nemi tsoho.

Dalilin yana cikin katakon. Katako yana shan laima da damina ya buɗe, ya tsuke da hunturu, kuma bushewar hunturun Sakkwato ba ta wasa ba ce. Kabad ɗin da ya shekara 40 ko 50 a garin nan yana tsaye ya riga ya ga iyakar abin da iskarmu za ta yi masa. Inda zai tsage ya tsage, inda zai karkace ya karkace, kome a fili yake ga mai ido. Wannan kake saye, ba labarin da dillali zai ba ka ba.

Wane irin tsoho ake samu a nan

Masu cinikin tsofaffin kaya a Turai da Amurka sai abu ya kai shekara 100 suke sa shi a sahun kayan tarihi. Kabad mai wannan shekaru da wuya ka gamu da shi a Sakkwato. Malamanmu na da ba a kan kanta suke jera littafi ba. Warƙoƙi ne a tsakanin tadarishi, wato bango biyu da ke riƙe su sama da ƙasa, a ɗaure, a zura a gafaka ta jar fatar akuyar nan da garin ya yi suna da ita, a rataye ko a sa a akwati. Kabad ya biyo ofis da makarantar boko ne bayan zuwan Turawa a 1903. Katakon yin sa kuma daga dazukan kudu yake zuwa, ga shi layin dogo bai iso Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, sauran tafiyar sai a mota. Saboda haka in wani ya ce maka kabad ɗinsa tun zamanin Shehu yake, ka san ba haka ba ne.

Abin da za ka fi samu kayan ofisoshin En'e ne da na makarantu da gidajen ma'aikata, waɗanda kafintocin sashen ayyuka suka buga. Ba su da ado, amma katakonsu mai kauri ne, wasu ma za ka ga an buga musu PWD, wato sunan sashen ayyukan a taƙaice, ko lambar ofis a baya. Su na fi so. Sai kayan da suka shigo bayan Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da lokacin ƙarin albashin ma'aikata na Udoji da buɗe jami'a a 1975, lokacin da gidaje suka cika da shoglas da wadrof masu fomika. A cikinsu akwai nagari, akwai waɗanda filawud ne kawai aka yi wa kwalliya. Akan kuma ci karo jefi-jefi da na waje da suka biyo ta Legas ko Kwatano, har da irin mai hawa-hawan nan da ake ɗora wani kan wani, kowane hawa da ƙofar gilashi da ake ɗagawa a tura ta ciki, wanda kamfanin Globe-Wernicke na Amurka ya yi suna da shi. Wajen tare ƙura babu kamarsa. Sai dai in bai taɓa yin hunturu a arewa ba, ka sa a ranka zai iya tsagewa a hannunka.

Fara da awon gida

Kafin ka je ko'ina, ɗauki tef ka auna littattafanka. Mujalladin Larabci da aka saba yakan kai santimita 24 a tsaye, takardun ofis da kundin digiri kusan 30. Ka ƙara yatsu biyu a sama don hannu ya samu wurin jawowa. Zurfin kanta inci 10 zuwa 12 ya ishi kusan kowane littafi. Wanda ya wuce haka zai sa ka jera layi biyu, na bayan kuwa an manta da shi ke nan, shi ƙwari suke fara ci.

Sai nauyi. Kanta mai tsawon mita 1 cike da littattafai tana ɗauke da kusan kilo 30, hawa biyar ke nan nauyin buhun siminti uku. Don haka allon kanta kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci a kauri, kuma kada ya wuce ƙafa 3 ba tare da wani abu ya tokare shi a tsakiya ba.

Auna ƙofar ɗaki, auna ta zaure, ka kuma duba kwanar da ke tsakaninsu. A tsofaffin unguwanni irin Ƙanwuri da Gidaɗawa, lungu da karkatar zaure sukan hana dogon kabad shiga ko da ƙofar ta isa. Rubuta awon duka a takarda ka sa a aljihu tare da tef, tocila, farar takarda da mabuɗi ɗaya.

Lokaci da wurin nema

In ba gaggawa kake ba, ka yi sayayyarka tsakanin ƙarshen hunturu da bazara, wato daga Fabrairu zuwa Afrilu. Lokacin katako ya kai ƙarshen bushewa, duk wata tsaga ta buɗe baki, duk mahaɗin da ya saki yana motsi. Da damina katako ya kumbura ya rufe aibinsa, sai Disamba ka ji shi yana ƙara da dare.

Mutumin farko da za ka nema tsohon kafinta ne mai gyara, ba mai shagon sababbin kaya ba. Shi ake kira in za a tashi daga gida ko za a canja kayan ɗaki, shi ya san gidan da ke da kabad a jingine a sito. Ka gaya masa abin da kake so, ka bar masa awonka. Bayan shi sai 'yan gwanjo a kewayen Tsohuwar Kasuwa da Babbar Kasuwa, da ma'aikatan da suka yi ritaya za su bar gidan gwamnati, da malaman jami'a masu komawa garuruwansu. Na cikin gida kuwa dillaliya ce hanyarsa, domin kabad ɗin jere na tsofaffin mata ba ya fitowa kasuwa. Ka sa mai ɗakinka ko yayarka ta yi mata magana. Abin da ka gani a Facebook ko WhatsApp ka ɗauke shi sanarwa kawai, kada ka tura ko kwabo sai ka dafa shi da hannunka.

Dubawa: fara daga baya da ƙasa

Nan ne aikin yake, kuma kada ka ji nauyin ɓata lokacin mai kaya. Roƙi a fito da shi haske, a janye shi daga bango, a kwashe abin da ke ciki. Fuskarsa ita aka goge don kai, bar ta sai ƙarshe.

Durƙusa ka haska ƙafafu da ƙarƙashinsa. Gara daga ƙasa take hawa, ta cinye ciki ta bar siririn ɓawo a waje, ta cika ramin da laka. Ƙwanƙwasa kowace ƙafa da kowane ginshiƙi da bayan mabuɗi. Lafiyayyen katako amonsa a dunƙule yake, wanda aka cinye kuwa sai ka ji shi holoƙo. Inda ka yi shakka danna bakin mabuɗin, in ya nutse an gama da wurin. Layin busasshiyar laka a allon baya ko a kusurwa sawun gara ne. In ƙafa ɗaya ce ko allon baya kawai ta ci, kafinta zai canja. In ta shiga ginshiƙan da ke ɗauke da kantoci, ka yi sallama ka tafi, kome arhar da aka yi maka.

Akwai kuma ƙwaron da ke huda ƙananan ramuka, waɗanda bakin allura zai shiga. Ramin kansa ba shi ne abin tsoro ba, domin yana iya zama na shekaru masu yawa. Shimfiɗa farar takardarka a ƙasa, ka bubbuga wurin da tafin hannu. In gari mai laushi, mai hasken sabon katako, ya zubo, ko ka ga cikin ramin fari tas, ƙwaron yana nan da ransa. Tsohon rami cikinsa baƙi ne, ƙura ta toshe shi. Kana nan durƙushe ka haska tsagogi da bayan dirowa saboda kuɗin-cizo. Ƙananan ɗigo baƙaƙe a jere a bakin tsaga alamarsa ce, ya fi yawa a wadrof da kabad ɗin da ya zauna a ɗakin kwana.

Daga nan sai ka gane irin katakon. Duba inda ba a shafa kome ba, kamar cikin dirowa ko ƙarƙashin kanta. Maɗaci ja-ja ne mai nauyi. Loko yakan fara da ruwan ɗorawa, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa mai duhu, kuma yana cikin waɗanda gara ba ta cika so ba. Waɗannan biyu in ka same su ka dace. Obece fari ne, ba nauyi, farce ma yana lotsa shi, ƙwaro kuma yana son sa, amma ana shafa masa jan launi a sayar da sunan maɗaci. Ɗaga gefe ɗaya ka ji nauyin, ka danna farce a ɓoyayyen wuri. Ko a katako mai kyau, farin sashen da ke kusa da ɓawon itace shi ƙwaro ke fara ci, don haka in ka ga allo rabi ja rabi fari, bi farin da tocila. Leƙa bakin allo kuma. In zanen jijiyar itacen ya zarce daga sama ya sauka ta gefe, katako ne guda. In ka ga layi-layi a jere, filawud ne. In ka ga burtsatse kamar dusa, garin katako ne aka rufe, kuma wannan ba irin tsohon da kake nema ba ne kome aka ce. Filawud a allon baya kaɗai ba aibi ba ne, an fara yin sa a Sapele tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, sai dai ka tabbata bai fara ɓarewa ba.

Yanzu mahaɗa. Zaro dirowa gaba ɗaya ka dubi kusurwarta. Aikin ƙwarai haƙora ake yanka wa allunan biyu, masu faɗi a baki da tsukewa a gindi, su sarƙe juna yadda ko gam ya mutu ba za su rabu ba. In haƙoran ba su zo daidai da juna sak ba, har ana ganin siririn layin da kafinta ya ja kafin ya yanka, da hannu aka yi. Dirowar da ƙusa kawai ta riƙe aikin sauri ne. A jikin kabad ɗin, nemi inda aka zura harshen wani katako cikin ramin wani, wani lokaci har da tsinken katako a soke. Dubi yadda kantoci suka zauna: wadda aka shigar cikin tsagi a jikin bango ta fi wadda aka ɗora kan ƙusa nesa ba kusa ba. Sukuru mai tsaga ɗaya a kai ya girmi mai gicciye, amma kada ka dogara da shi kaɗai, ana canja sukuru wajen gyara.

Sai ka miƙe, ka dafa kafaɗar kabad ɗin ka girgiza shi gefe da gefe. Ɗan motsi gam ne ya bushe, gyaransa ba wuya. In ya yi lilo har ƙofofi suka goge juna, a rage kuɗi sosai. Zauna daidai kanta ka kalle ta daga gefe don ka ga ko ta lotsa. Wadda ake cirewa ana iya kifa ta ta miƙe a hankali. Buɗe kowace ƙofa ka rufe, ka ga ko tana haɗuwa ba rata, domin ratar nan ita ce hanyar ƙura da kyankyaso. A ƙarshe sa hancinka ciki. Warin ruma yana nufin ya sha ruwa. Warin baƙin mai ko kananzir yana nufin an yi masa maganin gara irin na gida, kuma wannan warin yana kama takarda, ba ya fita.

In shoglas ne ka ga ya yi maka, ana iya mai da shi na littattafai, amma kantocin gilashin don tangaran aka yi su. A cire su a sa na katako.

Tambayi asalin kaya

Wannan ya fi duk na baya muhimmanci a wurina, domin akwai haƙƙi a ciki. Tsohon kabad sau da yawa kayan mamaci ne. Ka tambaya da ladabi: "Baba, ranka shi daɗe, wanga kabad naka na, ko na gado?" In na gado ne, ka ji ko an raba, ko duk magada sun yarda, musamman in da marayu ko matan da ba a shawarta ba. In dattijuwa ce mai shi kuma ɗanta ke ciniki, a shiga a gaishe ta a ji daga bakinta: "Inna, da yardarki za a sayar?" Wanda ya fito daga masallaci ko makarantar allo yana iya zama waƙafi, ba na wani ba ne balle ya sayar. Mai lambar ofis ko ta makaranta kuma, nemi takardar gwanjon da aka saye shi da ita.

Wani lokaci za ka buɗe dirowa ko adaka ka tarar da warƙoƙin rubutun hannu, na Larabci ko ajami. Ba su cikin cinikinka. Mai da wa iyalan, ka nuna musu darajarsu. In ba su da halin adanawa, ka nuna musu hanyar gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye irinsu. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini, don haka duk wanda ya ce ka tattaro masa irin waɗannan takardu zai kai Turai, ka nisance shi.

Ciniki da ɗauka

Kafin ka taya, je wurin kafinta ka ji nawa zai buga maka sabo mai wannan girma da maɗaci na gaske. Wannan ne ma'auninka. Cire kuɗin gyara, da na gilashi, da na dako, abin da ya rage shi ne iyakarka. In da hali tafi da kafintan, ka biya shi ladan ganinsa. Wajen ciniki faɗi aibin da ka gani ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kushe kayan mutum ba, domin wani kabad ɗin na mahaifinsa ne. An ce maka albarka, ƙara kaɗan ko ka ba da lambarka ka tafi, irin wannan kaya ba ya samun mai saye kullum. A yanke maganar la'ada tun farko, a san wanda zai biya dillali. In ka ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaida, a lissafa kantoci, dirowa da mabuɗai, ka ɗauki hotonsu.

Ranar ɗauka cire kantoci da dirowa, a ɗauke su daban. Gilashin da ke fita a cire a naɗe da bargo, ƙofofi a ɗaure su da tsumma, ba da igiyar roba mai cin katako ba. A ɗaga shi daga ƙasa, kada a ja shi, nan ne ƙafafu ke karyewa. A-kori-kura ta fi amalanke in tafiyar da nisa, a kwantar da shi kan bayansa bisa tabarma. Da safe ko da yamma za a yi, ba da tsakar rana ba.

Kada ya shiga ɗakin littattafai ranar nan

Ajiye shi a rumfa ko baranda, a inuwa, bisa bulo, ka shimfiɗa takarda a ƙarƙashinsa, ya yi kamar mako biyu kana dubawa ko gari zai zubo. Share shi da burushi mai laushi, ka goge da tsumman da aka matse sosai, ka bi da busasshe nan take. Kada a watsa masa ruwa. In da ƙwaro, a sa maganin katako irin Solignum mara launi a ramukan da ƙafafu da bayansa, a bar shi a buɗe har warin ya tafi gaba ɗaya. Kantoci da dirowar katako zalla ana iya naɗe su a baƙar leda a sa a rana, zafin da ke taruwa ciki yana kashe ƙwaro. Amma kada a yi wa mai fomika ko mai mannannen ɓawo haka, zai ɗaye.

Roƙona ga kafinta ɗaya ne, kada ya kankare shi ya mai da shi sabo. Duhun da katako ya yi da shekaru ba ya dawowa. A ɗaure mahaɗa, a canja abin da ya ruɓe, a shafa man goge katako, ya isa. In tsohon fenti ne a jikinsa, kada a goge shi da samfefa a busashe a tsakar gida, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. A yi aikin a waje, a jiƙe, da takunkumi, ba yaro a kusa.

Inda zai zauna

Kada ka jingina shi da bangon gabas, inda ruwan damina ke duka, ko bangon da ya haɗa da banɗaki, ko inda rana ke faɗowa ta taga. Bar ratar yatsu huɗu tsakaninsa da bango don iska ta ratsa kuma ka riƙa ganin bayansa. A ɗakin da ba siminti ko daɓen ya fashe, ɗora ƙafafun kan fale-falen ƙarfe ko tayil. Dogo kuma a ɗaure kansa da bango da ƙarfe, saboda yara suna hawa kanta. Manyan mujalladai a ƙasa, ƙanana a sama, kada a cusa su har sai an yi kokawa wajen zarowa.

Busasshen ganyen dogon yaro a ƙulle cikin ƙyalle yana taimakawa wajen korar ƙwari, a ajiye a kusurwa ba a tsakanin shafuka ba, a riƙa canjawa. Ƙwayar kafur ta kanti tana aiki, amma guba ce ga yaron da ya haɗiya, kuma ba a son ta kusa da jarirai, sai a kabad mai makulli.

Adakar ƙarfe da akwatin ƙarfe gara ba ta cin su, shi ya sa suka dace da takardun gida da na fili da rubutun hannu. Wajen saye kifa ta ka duba gindin, nan tsatsa ke hudawa, ka rufe ka ga ko murfin ya zauna. Tsatsa tana ɓata takarda, don haka shimfiɗa farin yadin auduga wankakke a ciki, ka kwantar da takardun a kai, kada ka ƙulle su a leda, tana riƙe gumi. Ita ma a ɗora ta kan katako ko bulo. Kabad ɗin ƙarfe na ofis haka yake, sai dai a nisanta shi da rana.

Da ruwan farko ya sauka, lokacin da shinge ke tashi da dare, gara na neman sabon wuri. Daga nan har ƙarshen Satumba, kowane mako biyu ka haska bayan kabad ɗin da ƙafafunsa, ka zaro littafi ɗaya-biyu daga kantar ƙasa ka buɗe. In ka ga layin laka a bango, kwashe littattafan kantar ƙasa tukuna, sannan ka bi layin har inda ya fito a sa magani a can.